Amsar Goggo Kan Awo Da Ungozoma

'Yata, ina gajiya, ya ƙarfin jiki? Saƙonki ya iso tun shekaranjiya, na ƙi amsawa a gurguje ne don ba maganar tsaye ba ce. Kin ce cikinki ya shiga wata biyar, uwar mijinki kuma ta ce awo sabon salo ne, ita tara ta haifa a ɗaki ba wanda ya taɓa auna ta, ungozomar unguwa ta isa. Kina son sanin ko da gaske al'ada ta hana, da kuma ko rashin kunya ne mai cikin fari ta riƙa kai kanta asibiti.

Kin kawo tambayar gidanta. Kakarki, Allah Ya jiƙanta, ungozoma ce, ni nake riƙe mata fitila in an aiko cikin dare. Abin da mutane suke mantawa shi ne ungozomar gargajiya ba ruwanta da ciki. Ba ta duba mace a wata uku, ba ta duba ta a wata bakwai. Sau da yawa ma ba a aika mata sai ɗa ya faɗo. Mace za ta durƙusa a ƙuryar ɗaki ita kaɗai, ta cije baki don kar a ce raguwa ce, sai an ji kukan jariri a ruga kiran Inna. Ita ce za ta yanke cibiya, ta jira uwar tafiya ta faɗo ta binne ta, ta wanke jariri, ta hura wutar ruwan wanka, ta yi ta zuwa safe da yamma har ranar suna a sallame ta da nama da hatsi. Nan aikinta ya fara, nan ya tsaya. Watanni taran nan kuwa, daga rubutu sai maganin zaƙi sai addu'a. To kin ga ungozomar asibiti ba kujerar kowa ta hau ba. Wurin da ta zauna dama fili ne.

Akwai ƙanwar babanki da ba ki sani ba, ita ke bi na. Cikinta na fari, tun wata bakwai ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga, fuska ta cika, kullum ciwon kai, ta ce tana ganin hazo-hazo. Muka yi ta tsokanarta, wai tagwaye ne. Ranar da ta faɗi tana jijjiga tana taune harshe, aka ce iska ce, aka kawo garwashi aka yi ta hayaƙi da tofi. Mijinta ya tafi cin kasuwa, babu mai ikon cewa a fita da ita. Kafin ya dawo a nemo mota, yini ya wuce. Ita da abin da ke cikinta ba wanda ya tashi. Kwana ya ƙare, wannan mun yarda. Amma sai da na girma na gane hawan jini ne, kuma abin nan da ake ɗaura wa mace a dantse a matse na minti biyu, da ɗan fitsarin da ake karɓa a kwalba, su ne ke tona shi tun bai kayar da mutum ba. Yau akwai allurar da ke tsayar da jijjiga, magniziyam salfet ake ce mata. Kakarki har ta rasu ba ta ƙara cewa kumburi alamar tagwaye ba ne.

Uwar mijinki ba ƙarya ta yi ba, tara ɗin ta haifa kuma Allah Ya raba lafiya. Sai dai wadda ta tsira ce ke ba da labari. Da za ta ƙirga sa'o'inta da aka yi wa biki shekara ɗaya da ita, da ta tuna waɗanda suka tafi a kan gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 ne suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a Najeriya a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma nauyin ya fi faɗo wa nan Arewa. Babban mai kisan shi ne zubar jini bayan haihuwa. Mu da muna cewa a bari ƙazanta ta fita. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini ba ta da abin zubarwa, shi ya sa ƙwayar ƙarin jinin da za su ba ki ba ta ajiya a ƙarƙashin katifa ba ce, ko da tana tayar miki da zuciya. Haka Fansida, maganin zazzaɓin cizon sauro, da gidan sauro da allurar tetanus. Da zuwa awo sau huɗu ake cewa, tun 2016 aka mayar da shi takwas.

Kar ki ɗauka na ce ki watsar da komai. Goyon ciki abu ne mai kyau, ki tafi gida a wata bakwai, balle gidanku ya fi kusa da asibiti. Wankan jego ma ki yi, a dafa miki ganyen tsamiya ko darbejiya, jiki yana jin daɗinsa, amma ba ruwan da zai saɓule fata ba. Kunun kanwa ne nake so ki yi hattara da shi. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura masu jego na zuwa da kumburi da haki, zuciya ta gaza, suka danganta abin da yawan kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙasa. A dama miki kunu da gyaɗa ko tsamiya, nono zai zo. Dakashi kuma kar a matse a zubar, shi ne rigakafin farko na jariri.

Abu ɗaya ne ban yarda a yi sulhu a kansa ba, yankan gishiri. Duk wanda ya zo da aska wai hanya ta toshe, ki ce a kira ni. Ki tambayi waɗanda suka yi jinya a Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana ɗinke masu yoyon fitsari. Yawancinsu doguwar naƙuda ce ta kai su, wasu kuma aska. In naƙuda ta cinye yini ko dare ba labari, zaman ɗaki ya ƙare.

Na san asibitin ma ba aljanna ba ce. Ni kaina wata ma'aikaciya ta taɓa daka min tsawa a gaban 'yar cikina, ga dogon layi, ga jerin kayan da za a rubuta a ce ki sayo. A ƙauye kuma sai ki tarar da ɗakin haihuwa a kulle da dare, duk da shirin tura ungozomomi karkara da gwamnatin tarayya ta fara a 2009. Ki yi haƙuri da tsawar, ki tambayi abin da ba ki gane ba, in kina jin nauyin namiji ki ce mace kike so.

Batun kunya, ai kunyar ɗan fari ita ce ki ƙi kiran sunansa, ki sunkuyar da kai in an yi miki barka. Ban san inda aka ce ki ɓoye ciwo ba.

Kar ki yi jayayya da uwar mijinki, ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ba za ki ci riba ba. Ki samu maigidanki cikin natsuwa, ya ba ki izini tun yanzu a gabanta, cewa ko ba ya nan in abu ya taso a fita da ke. Ya ajiye lambar mai mota, ya nemi mutum biyu cikin 'yan'uwa da za su iya ba da jini. Ungozomar unguwar kuma a gaya mata wanka da hidimar suna nata ne, in ta yarda ma ita za ta raka ki asibitin. Ranar Juma'a in Allah Ya kai mu zan shigo da ɗan goro in gaida Hajiya, mu yi maganarmu ta manya. Kafin nan ki je ki yanki kati, ina so in gan shi da idona.