Yadda Littafi Yake Yawo a Zangon Kumasi

Malam, bayan gaisuwa mai yawa, na ga tambayar da ka aiko daga Kano, inda kake so ka san ko mu Hausawan Kumasi muna karanta littattafan Hausa, da kuma abin da ni kaina nake karantawa a 'yan kwanakin nan. Tambayar ba ta ba ni mamaki ba, domin na san irin dariyar da kuke yi mana idan kun ji Gananci, wato Hausarmu ta Gana, musamman idan ɗayanmu ya nuna mace ya ce "ya zo". Muna karatu, sai dai yadda littafi yake yawo a zango ya sha bamban da abin da kuka saba gani.

A nan masu jin Hausa sun fi masu karanta ta yawa nesa ba kusa ba. Yaro a unguwar Aboabo ko Asawase yana tashi da Hausa a bakinsa, ko da iyayensa Dagomba ne ko Mosi ko Zabarmawa, amma da safe Turanci da harshen Asante ake koya masa a boko, da yamma kuma ya ɗauki allonsa ya nufi wajen malam, wurin da shi kaɗai muke kira makaranta a nan. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Gana take ɗaukar nauyin wallafa littattafai da su, ko da yake gidan rediyon ƙasa yana watsa shirye-shirye da ita. Saboda haka wanda ya iya karanta Hausar boko ba ya karatu don kansa shi kaɗai, sai ya zama bakin jama'a.

Littattafan kuwa ba mu da kantin da za mu je mu zaɓa kamar yadda kuke yi a Sabon Gari ko Kurmi. Suna zuwa mana ne a jakar ɗan kasuwa, ko a gaban motar albasa da ta taso daga Galmi, ko a hannun wanda ya je biki gida ya dawo. Littafi ɗaya yakan zaga gida goma kafin ya koma wurin mai shi, idan ya koma ɗin. Na taɓa ba wani abokina aron wani littafin labari, bayan wata huɗu aka dawo mini da shi daga Tamale, bangonsa ya sha man ja, shafuka uku na ƙarshe kuma sun ɓace. Da na yi ƙorafi, sai ya zauna ya ba ni ƙarshen labarin da baki, kuma har yau ina zargin cewa ya gyara shi yadda ya fi masa daɗi.

Wurin karatunmu shi ne ƙofar shagon wani tela, bayan sallar isha'i, a kan benci biyu da tabarma, butar ataya, wato shayi, tana kan gawayi. Wanda ya kawo littafi shi ne zai tsaya masa, wato ya faɗi dalilin da ya sa ya cancanci a ba shi dare uku ko huɗu, kuma idan labarin ya yi lami, shi zai sayi sukari har mako ya zagayo. Wannan tara ta sa ba mai yabon littafin da bai karanta ba, kuma a ganina ta fi duk wani sharhi da nake gani a Facebook amfani.

Abin da yake hannuna yanzu kwafe ne na waƙoƙin Alhaji Umaru Salga cikin ajami, wanda wani ɗalibi ya samo mini daga Jami'ar Gana da ke Legon, inda Cibiyar Nazarin Afirka ta tattara irin waɗannan rubuce-rubuce tun shekarun 1960. Ina jin zai dace ka san shi, tunda ɗan garinku ne. A Kano aka haife shi wajen 1858, ya biyo hanyar fataken goro zuwa garin Salga a ƙasar Gwanja, yaƙin basasar Salga na 1892 ya sa daga baya ya koma garin Kete Karaci, inda ya yi limanci da koyarwa har ya rasu a 1934. Waƙarsa a kan talauci da wadata ce muke kai, kuma muna tafiya sannu a hankali, domin tawadar ta dushe a wurare da yawa, sai na yi ta jujjuya takardar a ƙarƙashin fitila kafin in gane wasali.

Daɗin abin yana ga dattawa. Akwai wani tsoho a cikinmu wanda kakansa ya yi fatauci tsakanin Kano da Salga, ba ya karanta boko ko harafi ɗaya, amma da zarar na yi tuntuɓe a wata tsohuwar kalma, sai ya ɗaga hannu ya gyara mini, daga nan kuma ya shiga bayanin aikin madugu da jagaba da uban dawaki a ayari, da yadda ake yayyafa wa huhun goro ruwa don kada ya bushe a hanya. Baiti biyu sukan cinye mana dare guda, matasan da suka zo don shayi kawai su ajiye wayoyinsu su matso kusa. Ran nan ya fassara mana wata kalma da na tabbata ko a Kano sai an tona kafin a sami mai amfani da ita, ya kuma ce in gaya maka haka.

Idan ka sami mai zuwa, ka aiko mana da abin da kai ma ka karanta ka yarda da shi, ba abin da ake yayi kawai ba. Ka zaɓi mai manyan haruffa da ɗinki mai ƙarfi, sannan ka rubuta mini dalilinka a 'yar takarda ka saka a ciki, domin ni ne zan tsaya masa a gaban jama'a, kuma sukari ya yi tsada a Kumasi bana.