Muryar Kawu kan bobin ɗin da aka tsinta a magaza

Salamu alaikum jama'ar gurup, ya zafin Garwa. Ɗana, na saurari muryarka, ka ce kuna share magazan wajen aikinku, wato ɗakin ajiyar kaya, kun ci karo da wasu bobin, wato faya-fayan da aka naɗe zare irin na kaset a jiki, masu faɗin faranti cikin kwalaye, wai takardun albashin ma'aikatan da ne a ciki, kana tambaya ko a shanya su a rana tunda sun sha danshi, ko a gwada su a injin Akai irin na waƙa. To don girman Allah kar ka yi ko ɗaya, kar ma ka warware zaren da hannu ka ce za ka leƙa.

Abin da ka kwatanta ɗin nan shi ne band, wato zaren ajiye bayani, na manyan kwamfutocin da, irin masu cika ɗaki. Kamfanin kwamfuta na IBM ne suka fito da mai layi 9 a 1964, faɗin zaren rabin inci, babban bobin yana ɗaukar ƙafa 2400, wajen mita 730 kenan, amma duk abin da ke ciki bai kai mega 200 ba, ɗan bidiyon biki a wayarka ya fi shi. Akai ba zai karanta ba, zarensa rubu'in inci ne, kuma shi sauti ya sani.

Ciwon band ɗin shi ne, garin nan mai ruwan ƙasa da ke riƙe bayanin da wani irin gam aka manna shi a jikin leda, gam ɗin kuwa yana shan danshi a hankali, shekara talatin arba'in, damina ta zo da raɓar Binuwai, rani ya zo da zafin da ya wuce digiri 40, sai ya zama yana danƙo. In ka sa shi a inji haka nan, wallahi da idonka za ka ga garin yana kankaruwa yana manne a kan injin, kuma abin da ya kankaru ya tafi kenan, sunan wani ne, shekarun aikin wani ne. Ni na taɓa ganin an yi wannan gaggawar, har yau abin na min ciwo, don akwai tsofaffin da ke yawo da dosiye suna neman shaidar aikinsu saboda fansho.

Masu sana'ar gasa shi suke yi, eh gasawa, amma a na'ura mai riƙe zafi daidai wajen digiri 50 zuwa 55, na awoyi da yawa, wani har kwana, ya huce a hankali sannan a karanta. Rana ba ta da ma'auni, ga ƙura, gefe ɗaya ya lanƙwashe. Kuma gashin ba warkewa ba ne, 'yan makonni kaɗan danƙon ya dawo, shi ya sa sai an tanadi injin karatu tukun kafin a gasa, a kwafe komai kaf a karo ɗaya, har wuraren da suka lalace, daga baya a zauna a fassara. Fassara kuwa aiki ce, don haruffan IBM na lokacin EBCDIC ne, in ka buɗe a kwamfutar yanzu shirme za ka gani.

Abin da za ka yi yau: ka jera su a tsaye kamar littattafai, kar a kwance wani kan wani, ɗaki mai sanyi marar danshi, nesa da lasifika da janareto da duk abin da ke da maganaɗisu. Ka juya bayan kowane bobin, in akwai zoben roba a tsakiya ka cire, muddin babu zoben, inji ba zai iya rubutu a kai ba. Wanda ka ga ya yi fumfuna ka ware shi daban, kar ka goge, kar ka shaƙa. Takardun da ke manne a jiki kuwa kar wanda ya ɓare, a nan ake rubuta 800 ko 1600 ko 6250, shi ke nuna irin injin da za a nema. In akwai tsofaffin listin, wato takardun da kwamfuta ta buga, masu huji-huji a gefe, cikin kwalin, su ma ka ɓoye, su ke faɗin yadda aka jera bayanin.

Ka sanar da shugabanka kafin komai ya fita daga magazan, sirrin mutane ne a ciki. Sannan ka ɗauko min hoton takardun jikin guda uku ko huɗu, ta firaibet, in gani bayan la'asar in Allah ya yarda.