Neman gurbin karatun likita bayan sakamako mai rauni

Ɗan'uwa, ka ce sakamakonka na WAEC da makin JAMB sun yi rauni, alhali burinka karatun likita a Jami'ar Bayero. Ka fara da sake zana WAEC ko NECO har ka sami kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, domin idan babu su, maki mai yawa a JAMB ba zai amfane ka ba. Sannan ka maimaita JAMB ko ka bi hanyar IJMB (shirin karatun share fagen shiga jami'a), kodayake takara a can ma tana da zafi.

Kada ka ba kowa kuɗi da sunan sayen gurbi, domin ta tsarin CAPS (tsarin JAMB na ɗaukar ɗalibai ta intanet) ake tabbatar da shi. Ka je ofishin ɗaukar ɗalibai ka tambaya ko suna karɓar haɗin sakamakon jarrabawa biyu, wato na da da wanda za ka sake zanawa.