Kabewa ta yi mana yawa, an ce in yayyafa mata fiya-fiya

Tambaya:

Assalamu alaikum Hajiya, ya aiki, ya iyali? Don Allah shawara nake nema. Bana maigidana ya zuba kabewa a gefen gonar masararsa, Allah ya sa albarka ta yi 'ya'ya fiye da yadda muka zata. Mun rarraba wa dangi da maƙwabta, ya kai wasu kasuwar 'Yankaba aka yi masa tayin wulaƙanci ya dawo da abinsa. Guda 46 muka jibge a ɗakin ajiya, cikin mako biyu 5 sun ruɓe. Yara har sun fara ɓata rai in suka ga miyar taushe. Na yanyanka wasu na shanya, sai na ga ƙananan ƙwari suna bi. Wata maƙwabciyata ta ce in ɗiga fiya-fiya a ruwa in yayyafa kafin in ɗura a buhu, wai haka take yi wa kuɓewarta da kauɗarta duk shekara, rana tana kashe dafin, kuma ai sai an wanke an dafa za a ci. Na riga na sayo kwalbar, amma zuciyata ta ƙi kwanciya, don ina da goyo da yara 4. Ya zan yi kada wahalarmu ta tashi a banza?

Daga wata uwargida a Gezawa

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ƙara wa gonar albarka, ya raya zuri'a. Tun kafin ki gama karanta wannan, ki tashi ki ɗauke kwalbar nan daga inda abinci yake, ki ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa. Zan dawo kanta, don ita ta fi tsaya mini a rai cikin saƙonki.

Waɗanda suka rage ki fito da su tsakar gida ki bi su ɗaya bayan ɗaya, kina danna farcen babban yatsa a bayan kowace. Wadda farce ya shige ta ba ta ƙosa ba, ta tukunya ce a makon nan. Haka wadda ta ƙuje, da wadda ta tsage wajen saukewa, da wadda aka fizge daga yaɗo har kanta ya cire ya bar rami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da kin duba biyar ɗin da suka ruɓe, ina kyautata zaton daga wannan ramin suka fara, ko daga gefen da ya kwanta a ƙasa. Baɗi ki roƙi maigida a riƙa yankewa da wuƙa, a bar guntun kara kamar tsawon yatsa.

Masu lafiyar ki bar su su sha iska a ƙarƙashin rumfa kamar kwana 10, bayansu ya ƙara tauri, ƙananan ƙujewa su bushe. Sannan ki mayar da su ɗaki, amma ban da jibgewa, don jibgewar ce ke cinye miki su. Ki shimfiɗa kara ko katako, ki jera su kada wata ta taɓa wata, kada kuma su zauna a kan siminti. Kabewa ta fi son sanyi tsakanin digiri 10 zuwa 15, abin da ba mu samu sai da daren hunturu, amma busasshiyar iskar hunturun tana yi mana rabin aikin. Ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano. Wata 2 zuwa 3 ba abin damuwa ba ne ga wadda ta ƙosa sosai, sai dai ki yi lissafin gamawa da su kafin zafin bazara ya kankama. Duk mako ki shiga ki jujjuya, wadda ta fara laushi ki fitar da ita ranar. Kada ki sa guda a firji, sanyin da ya gaza digiri 10 lalata ta yake yi. Yankakkiya ce ke shiga firji, ita ma kwana 3 zuwa 5.

Yaran kuma suna da gaskiya, ko ni ce kullum taushe zan ɓata rai. Ki dafa ta ki markaɗa tare da kayan jar miya, za ki rage tumatir kusan rabi, miyar ta yi kauri, ba wanda zai gane. Tana shiga faten wake da faten tsaki, tana shiga kwaɓin fanke. In goyon ya wuce wata 6 ki murje masa dafaffiya da ɗan man gyaɗa ko manja, don abin da ke cikinta mai zama bitamin A sai da mai jiki ke ɗaukarsa sosai. 'Ya'yan ki wanke ki shanya ki soya a kasko da gishiri, yaran da kansu za su riƙa tambaya. Duk wadda kika yanka ki ɗanɗana ɗan guntu ɗanye. In kin ji ɗaci ki zubar da ita gaba ɗaya, kanwa ba ta fitar da wannan ɗacin, tafasa ma ba ta kashe shi, kuma yana sa amai da gudawa mai tsanani. Kada kuma ki ɗura markaɗaɗɗiyar kabewa a kwalba ki tafasa kamar yadda ake yi wa tumatir. Tsamin tumatir ne ke tsare shi, kabewa ba ta da wannan tsamin, ƙwayar cutar da ke shanye jiki tana iya girma a ciki ba wari ba alama.

To, mu dawo kan kwalba.

'Yar uwa, wallahi na gaji da wannan magana, amma ba zan daina ba. Da wuya in shiga taron mata a yi zancen ajiya ba a samu mai cewa "ai ɗan kaɗan ne" ba. Abin da ke cikin yawancin fiya-fiya shi ne diklobos, wanda ake rubutawa DDVP a jikin kwalba, shi ne kuma ke cikin Sniper. Yana kashe ƙwaro ne ta hanyar toshe wani sinadari da ke sa jijiya ta saki bayan ta kama. Irin wannan sinadarin yana jikinki, yana jikin jaririn da ke bayanki. Girman jiki yana cikin abin da ya bambanta mu da kyankyaso a wurin wannan dafin, shi ya sa yaro ke riga babba faɗuwa.

Akwai ranar da na shiga wani gida a wani ƙauye da hantsi, tun daga zaure warin ya tare ni. Na tarar da matar gidan a tsugunne gaban tabarma biyu, ɗaya kuɓewa ɗaya kauɗa, ga tsohon kwanon sha cike da ruwa fari-fari, tana tsoma tsintsiya tana yarfawa. Hannunta sharkaf. Ɗanta da bai fi shekara 2 ba yana zaune a bakin tabarmar da guntun kauɗa a baki yana tsotsa. Na ɗauke shi na zaro abin da yatsa, ita kuwa dariya ta yi, ta ce Hajiya ai mun saba. Na tambaye ta murfi nawa ta zuba, ta ce ta dai tsiyaya da ido. Kwanon kuma da ta gama ɗauraye shi za ta yi ta mayar kan randa.

"Ta tsiyaya da ido", nan matsalar take. Maƙwabciyarki ta ce rana tana kashe shi. Zan yi mata adalci, diklobos yana tashi a iska, yana raguwa da lokaci. Amma nawa ya tashi, nawa ya rage? Ita ba ta sani ba, ni ma da na ga buhun ba zan sani ba sai an kai ɗakin gwaji. Kuma ki lura da abin da ta ce ki yi: ki yayyafa ki ɗura a buhu ki ɗaure. Ta ina zai tashi? Wake ma yana da ɓawo, busasshiyar kabewa kuwa soso ce, abin da aka yarfa mata shanyewa take yi har ciki. Wankin da za ki yi mata ɗauraya ce sau ɗaya, ruwan jiƙon kuma yawancinmu a tukunya muke juyewa don kada zaƙin ya tafi. Balle fiya-fiyar da ake ɗurawa a tsofaffin kwalabe ba takarda ba suna, wadda mai haɗa ta ma bai san ƙarfinta ba, ya dai gauraya abin da ya samu.

Sai kuma hujjar "shekara nawa ina yi ban mutu ba". Wa ya ce sai an mutu? Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, murɗawar ciki, yaro ya kwana yana gudawa, duk a ce shawara ce ko sanyi ko maleriya, a sayo magani a kemis. Ba mai waiwayar buhun da ke ƙarƙashin gado. In ya yi yawa kuwa alamunsa ba sa ɓuya: yawu na dalala, gumi, hawaye, baƙin ido ya ƙanƙance kamar kan allura, ƙirji na kurari, numfashi da ƙyar. Wanda ya kai nan asibiti kawai, da gudu, a tafi da kwalbar likita ya gani, akwai allurar atrofin da ake yi. Don Allah a daina ɗura wa mutum manja ko nono, a daina sa masa yatsa a maƙogwaro. Ba sa karya dafin, sai ɓata lokaci, kuma wanda numfashinsa ya yi rauni abin da aka ɗura masa huhu yake wucewa.

Wannan ɗabi'ar ta riga ta jawo mana abin kunya a duniya. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda diklobos ɗin nan. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo, aka riƙa samun daga 0.03 har 4.6 a wakenmu. Waken da suka ƙi karɓa irinsa ne muke auna wa juna a kwano. A 2018 bidiyon masu zuba Sniper a wake ya zagaya wayoyi, aka yi ta Allah wadai. A 2019 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta hana sayar da irin waɗannan magungunan gona a kasuwanni da kantuna. To ke ina kika sayo taki? Na san amsar. Wurin mai baro da lasifika, mai kiran maganin sauro, maganin kyankyaso, maganin kuɗin cizo, ko wurin mai tebur da ya jera kwalaben kusa da magi da gishiri. Doka tana kan takarda, kwalba tana kan tebur. Mai baron nan bai taɓa karanta abin da ke jikin kwalba ba, amma in kin tambaye shi zai ce miki har a hatsi ana sawa, don shi dai a saya. Ya zama likita, ya zama malamin gona, mu da muka yi karatun sai an gama da shi ake tuna mu.

Tunda na san abin da za a ce miki na gaba, bari in riga su. Za a ce to bar fiya-fiya, sa ƙwayar maganin hatsi a ƙulle a tsumma. Wannan ta fi muni a cikin gida. Ƙwaya ɗaya mai giram 3 tana fitar da giram 1 na iskar fosfin da zarar ta ji danshi, iskar tana ratsa buhu ta cika ɗaki, kuma ba ta da makari. Aikin manyan rumbuna ce da ma'aikatan da aka horar, inda ba mai kwana. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin haushin, ƙwarin nan ba sa bukatar dafi ko kaɗan. Sun bi shanyarki ne don yankan ya yi kauri bai bushe da wuri ba, ko don a ƙasa kika shimfiɗa. Ki fere, ki yanka siriri kada ya wuce rabin santimita, ki baza a kan gadon kara ko tire a sama, ki rufe da yadi mai shara-shara. Ban da gidan sauron da ake rabawa, shi ma da magani a jikinsa. Ban da bakin kwalta. Da yamma ki shigar saboda raɓa. A hunturu kwana kaɗan ya isa, alamar ta yi ita ce ki karya ki ji ƙas, in ta lanƙwashe da saura. Wadda ƙwari suka riga suka shiga, ki bincika, in ba fumfuna ki baza ta a kan baƙar leda, ki rufe da leda mai gani, ki danne gefe da duwatsu, ta yi awa 2 a tsakar rana. Zafin da ke taruwa a ciki yana kashe ƙwaron da ƙwansa. Ta huce sarai, sai ki ɗura a busasshiyar jarka da ba ta taɓa ɗaukar fetur ko magani ba, ki cika ta har wuya, ki sa leda a baki ki murɗe murfi. Ƙwaro numfashi yake yi kamar ni da ke, in iska ta ƙare ya mutu. Dabarar buhun PICS ke nan, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a yankinmu a 2007 don ajiyar wake ba tare da magani ba. In kina da shi ki yi amfani da shi, amma ga kabewar gida ƙananan jarkoki sun fi, don ki buɗe ɗaya ki gama da ita kafin ki taɓa wata.

Kwalbar ki ba maigida ya kai gona inda aka yi ta domin shi, kada a juye ta a kwalbar lemo, kada a wanke ta a zuba wani abu. Maƙwabciyar taki ki karanta mata wannan cikin lalama, don ba mugunta ta yi miki ba, abin da aka koya mata ta koya miki. Amma kafin ta daina, in ta aiko yarinya da kuɓewa a kwano, ki karɓa ki yi godiya, kada ki kaɗa ta a miya.