Allurar korona ce ta sa gwajina ya nuna layi biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni direba ne, ina jigilar masu Umra tsakanin Jidda da Makka. An yi mini allurar riga-kafin korona ta Pfizer, bayan kwana huɗu mura da tari suka kama ni. Na sayi gwajin hanci a kantin magani, ya fito da layi biyu, alamar korona. Abokan aikina suka ce aikin allurar ne. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba allurar ba ce, kamuwa ka yi. Ka ajiye tuƙi ka keɓe kanka, domin motarka ba ta rasa tsofaffi. Allura kan kawo ciwon hannu, kasala da zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, amma ba ta kawo tari da majina.

Abin da ya ruɗa abokanka shi ne, allurar da gwajin ba abu ɗaya suke bi ba. A bayan ƙwayar korona akwai wasu ƙayoyi na furotin da ake kira S, da su take maƙalewa a wata ƙofa mai suna ACE2 a jikin ƙwayoyin halittar hanci da huhu. A cikin ƙwayar koronar kuma akwai furotin N wanda ya nannaɗe sinadarin gadonta. Alluran Pfizer, Moderna da AstraZeneca ƙayar S kaɗai suke sa jiki ya ƙera, don garkuwar jiki ta haddace kamanninta ta tanadi sinadaran da za su toshe ta. Mafi yawan gwaje-gwajen hanci na gida kuwa N suke nema, kuma babu N a allurar da aka yi maka.

An zaɓi N ne saboda ya fi yawa a ƙwayar kuma bai cika sauya kama ba. Nau'in korona na Omicron da ya ɓulla a Nuwamban 2021 ya zo da sauye-sauye sama da 30 a ƙayar S, shi ya sa masu allura suka riƙa kamuwa, alhali gwajin bai daina aiki ba.

Sai dai gwajin yana da ƙa'ida. Ka juya tsinken audugar a ƙofofin hanci biyu, ka dama shi a ruwan kwalbar, ka ɗiga adadin da takardar ciki ta ce. Yawanci a minti 15 ake karantawa. Layin da ya fito bayan rabin awa kada ka yarda da shi. Idan layin C, mai nuna gwajin ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake. Layin T kuwa, mai nuna kamuwa, ko ya yi dishi-dishi, layi ne. Kada a ajiye kwalin a gaban mota, zafin ranar Makka yana ɓata shi.

Inda allura ke nunawa shi ne gwajin jini, wanda ke neman sinadaran kariya, su kuma sai bayan mako 1 zuwa 3 suke bayyana. Mai allurar Pfizer da bai taɓa kamuwa ba, na S za a gani a jininsa ban da na N. Wanda aka yi wa allurar Sinopharm, kamar wasu 'yan'uwanmu a Sudan, ana iya ganin duka biyun, domin ƙwayar cutar sukutum aka kashe aka haɗa allurar da ita.

Idan numfashi ya fara yi maka wuya ko ƙirji ya ɗaure, ka tafi asibiti a ranar.