Me ya sa kullum Tchaikovsky da Grieg ake kaɗawa?

Malam, ka tambaya ko konceton fiyano (wato kiɗan da mai fiyano ɗaya ke yi tare da ƙungiyar makaɗa) na ƙarni na 19 da aka daina kaɗawa sun gaza na Tchaikovsky da Grieg da Rachmaninoff ne. A ganina ba duka ba.

Shi kansa na farko na Tchaikovsky, da gwanin fiyano Nikolai Rubinstein ya fara jinsa a ƙarshen 1874, kushe shi ya yi. Sai a Boston ta Amurka aka fara kaɗa shi a 1875, Hans von Bülow ne a kan fiyano. Na farko na Brahms kuwa, tsaki 'yan kallo suka yi masa a Leipzig ta Jamus a 1859.

Akwai maganar kuɗi. Ƙungiyar makaɗa ba ta da lokacin atisaye mai yawa, masu sayen tikiti kuma sunan da suka sani suke bi. Mai fiyano ba zai ɓata watanni yana haddace na Moszkowski, ɗaya daga cikin waɗanda aka daina kaɗawa, ba alhali babu mai gayyatarsa ya kaɗa.

Amma fa wasu daga cikin waɗanda aka daina kaɗawa, gudun yatsu ne kawai, babu nama. Nemi jerin faifan irin waɗannan konceton na kamfanin Hyperion da aka fara a 1991, ka fara da Moszkowski ɗin.