Amsa ga ƙanwata da aka ce wa bincikenta ba falsafa ba ne

Ƙanwata, sannu da haƙuri. Tambayarki ta taɓa ni ƙwarai, domin maganar da aka faɗa miki ita ce aka faɗa wa da yawa daga cikinmu da muka riga ki shiga wannan hanya. Kin ce kin gama masta a filo, wato falsafa, kina koyarwa a lise bisa kwantiragi, kuma kina son ki yi dakta a kan yardar mace mai naƙuda kafin a yi mata aiki a asibitocin jihar Damagaram. Malamin da kike fatan ya jagorance ki ya ce wannan aikin ƴan sosiyoloji ne, ki koma ki ɗauki Kant ko Hegel, manyan masana falsafa na Jamus, ki yi sharhi. Kina tambaya ki bari ko ki dage, kuma wai ana samun abinci a nan kuwa?

Kada ki bari. Amma a cikin maganarsa akwai ƴar gaskiya, ki tsince ta tun yanzu kafin alƙalan kundi su tsinto miki ita ranar kariya. In kika je Mirya, Magarya da Matamaye kika dawo da labarin wanda yake sa hannu da wanda ba a tambaya, kika tsaya a nan, to malamin ya yi gaskiya. Ƴan LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa ta Yamai, sun daɗe suna irin wannan aiki, kuma sun ƙware. Tun 2003 Jaffré da Olivier de Sardan suka fitar da bincikensu kan yadda ma'aikatan asibiti suke mu'amala da marasa lafiya a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Ki karanta su da kyau, daga inda suka tsaya naki yake farawa. Su suna faɗin abin da ake yi. Ke za ki faɗi abin da ya wajaba a yi, ki kawo hujja, sa'an nan ki nemo mafi ƙarfin sukar da za a yi wa hujjar ki amsa ta.

Ki gina kundin a kan hali guda mai wuya. An kawo yarinya da cikin fari daga CSI, ƙaramin asibitin karkara, cikin dare, naƙuda ta tsaya, miji yana ci-rani a Najeriya ko Libiya kuma wayarsa ba ta shiga, uwar miji ta ce a jira, kawu ya ce ba zai sa yatsa a takarda ba. Sajfam, ungozomar asibiti, ta tambayi yarinyar, ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Shirun nan yarda ne? A fiƙihunmu na Malikiyya shirun budurwa izini ne a batun aure, kuma akwai ma'aikatan da a ransu haka suke ɗaukar shirun a ɗakin haihuwa. Ƙa'idoji huɗun da Beauchamp da Childress suka shimfiɗa a 1979, wato girmama zaɓin mutum, kyautatawa, gudun cutarwa da adalci, suna neman ta faɗa da bakinta bayan ta fahimta. Ƙa'idar lalura da kare rai, wanda yake cikin abubuwa biyar da Gazali da Shaɗibi suka ce shari'a ta zo ta kiyaye, tana cewa a ceto ta kawai. Kunya kuwa, wadda muka tarbiyyantar da ita a kai, ita ce ta rufe mata baki. Dole ki ce wane ne yake da hakkin cewa to, da wane dalili, kuma daga wane lokaci ne jira yake zama laifi. Wanda ya ce wannan ba falsafa ba ce, wallahi bai taɓa zama ya yi tunani a kai ba.

Ki yi hattara da jumlar "Bahaushe yana ganin cewa". Hountondji, masanin falsafa na Benin, ya soki wannan salo tun shekarun 1970, a ɗauki al'adar jama'a a ce ita ce falsafarsu baki ɗaya, kuma yawancin alƙalanki sun taso da wannan suka. Kina iya amfani da halaye goma na mutumin kirki da Kirk-Greene ya lissafa a 1974, irin su amana, kunya da mutunci, amma ki auna su, ki nuna inda suke kare mace da inda suke danne ta.

Yanzu batun malamin. A nan ne raina yake ɓaci, ki yi mini uzuri. Wanda ya ce miki a'a tun farko ma ya yi miki adalci. Wanda ya fi cutarwa shi ne mai cewa to, ya sa hannu a takardar rajista, sa'an nan ya danne ki. Ki ba shi babi a watan Nuwamba, azumi ya zo ya wuce, layya ta wuce, bai buɗe ba. Ki kira, ya ce yana Wagadugu. Ki hau mota ki yi kilomita wajen 900 zuwa Yamai da kuɗin da kika ranta, ki yini a bakin ofis, ya fito ya ce bai ga takardun ba, ki sake bugawa. Ki sake bugawa. Ya dawo miki da su da jan layi a shafi uku na farko, sauran ko lanƙwasa babu. A gaban mutane yana kiran ki ƴata, a taron sashe kuma yana cewa aikinki ba shi da tushe. Ana nan sai ki ga maƙala ta fito a mujalla, hirarrakin da kika yi da mata a rana tsaka, sunansa a gaba, naki a baya, wani lokaci ma babu naki sam, domin shi ma yana tara maƙalolin da zai kai CAMES, hukumar da take yi wa malaman jami'a ƙarin girma. Kuma mutumin nan ɗa'a yake koyarwa! Yana tsayawa a aji yana cewa kada a mai da ɗan Adam abin biyan buƙata kawai. Ba ki da inda za ki kai kuka, domin masu darajar jagorantar dakta a filo ba su da yawa, duk sun san juna, kuma su ne za su zauna a kan takardunki ranar ɗaukar aiki. Shekara uku ta zama bakwai. Mutane nawa muka sani masu kaifin basira da suka bar karatu a nan, a gida ana cewa sun kasa, alhali babi huɗu suna kwance a cikin durowar wani. Allah ya isa, abin da ciwo.

Saboda haka ki kare kanki da takarda. Kafin ki zaɓi jagora, ki tambayi ɗalibansa na baya a asirce, nawa suka kare, a shekara nawa. Ki tabbata yana da darajar da ta halatta masa jagoranci, wato mataki na biyu daga sama ko farfesa cikakke, in ba haka ba rajistarki za ta maƙale. Ki nemi jagora na biyu, likita ko masanin zamantakewa, ko da a wata ƙasa yake, don mutum yana jin nauyin danne babi in ya san wani ya karanta. Kowane babi ki aika ta imel ko da kin kai na hannu, kwanan wata ya zama shaida. Bayan kowace ganawa ki rubuta layi biyar na abin da kuka tsayar ki aika masa cikin ladabi. Batun jerin sunaye a maƙala kuwa a gama shi kafin a fara rubutu. Sautin hirarraki kada ya fita daga hannunki, kuma kina da hujja mai ƙarfi, kin yi wa matan alkawarin sirri.

Wannan ya kawo ni kan kwamiti. Kada ki yi hira ko ɗaya kafin kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, CNERS, ya amince da tsarin bincikenki a rubuce. Mutanen filo suna raina wannan mataki suna cewa ai ba allura za su yi wa kowa ba, sai a ƙarshe mujalla mai daraja ta nemi lambar amincewa, babu, kuma ba a ba da ita bayan an gama aiki. Ki haɗa tsarin binciken, jerin tambayoyi, takardar bayani da ta yarda da Faransanci da Hausa, bayanin yadda za ki ɓoye sunaye, da wasiƙar makarantar dakta. Ki ba wani ya mayar da Hausar zuwa Faransanci ba tare da ya ga asalin ba, a nan za ki ga inda ma'ana ta zame. In za ki Gure ki tanadi Barbarci, in Tanut ne ki nemi mai jin Buzanci da Fulatanci, kuma tafinta ya zama mace, wadda ba ma'aikaciyar asibitin ba. Akwai horo na kyauta a intanet mai suna TRREE, da Faransanci, ana ba da takardar shaida, ki yi shi ki haɗa a ciki.

Bayan kwamiti sai daraktan lafiya na jiha, sai babban likitan gunduma, sai majo, shugaban CSI, sai sarki da mai gari, sai mai gida. Ki bi su duka, tsallake ɗaya yana iya rufe miki gari. Amma izininsu duka bai zama yardar matar ba, ƙa'idojin duniya na ɗa'ar binciken lafiya da CIOMS ta fitar a 2016 sun faɗi haka ƙarara. Ki keɓe da ita, ba a gaban kishiya ko uwar miji ba, ki karanta mata, ki ce ta maimaita miki da kalmominta abin da ta gane. Wadda ba ta karatu ta dangwala yatsa a gaban shaidar da ba naki ba ne. Wasu matan suna karanta ajami, ki buga kwafi da shi. Kada ki sa farar riga, kada ki yi hirar a ofishin sajfam, za ta zaci in ta ƙi ba za a duba ɗanta ba. Kuɗin mota da sabulu sun isa. In kika ba da jika biyar a ƙauye lokacin da rumbu ya ƙare, kin sayi yardar ne, kin kuma aikata abin da kundinki yake suka.

Duk wanda yake ganin wannan tsanani ya yi yawa, ya tuna Kano, nan kusa da mu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200, rabinsu aka ba sabon maganin, rabi wani da aka sani. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce an nemi yarda da baki, kuma takardar amincewar kwamiti da aka nuna an gano daga baya aka rubuta ta. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dalar Amurka miliyan 75. A tsakani, a 2003, jama'a suka ƙaurace wa rigakafin shan inna, ana kawo wannan labari hujja. Matan da za ki yi hira da su suna da dangi a can, sun ji. In wata ta ƙi ki, ki gode mata ki tashi.

Hira 30 zuwa 40 ta isa, mata, maza, ungozoma, sajfam, likitan fiɗa da malamai biyu ko uku na fiƙihu. Kowace awa ɗaya ta sauti tana cin awa biyar ko shida wajen rubutawa, ban da fassara, don haka ki rubuta ta ranar kafin ki yi wata. Da damina mutane suna gona kuma hanyoyi suna yankewa, ki bari sai bayan girbi. Ki ajiye sautin a wuri biyu da kalmar sirri, sunaye a wani littafi daban, kowace mace da lamba.

Abinci kuwa, ba zan yi miki daɗin baki ba. Kada ki saki kwantiragin lise sai kin riƙe wani abu. Bayan dakta yawanci sai an yi koyarwar awa-awa, a Jami'ar André Salifou nan gida ko Abdou Moumouni ta Yamai, kuɗin kuma yakan makara. In an ɗauke ki, ƙarin girma yana hannun CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedkwatarta a Wagadugu. Ana shigar da takardu ta intanet a farkon shekara, kwamitocin suna zama a watan Yuli, kuma maƙaloli suke ƙirgawa. Ki sauke littafin sharuɗɗan da yake aiki a shekarar ki bi shi layi-layi, ana sabunta shi. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne maƙalar da aka yanko kai tsaye daga kundi ba a ƙara komai ba, da mujallar da take karɓar kuɗi ta buga cikin sati biyu ba wanda ya duba, da tara duk maƙaloli a mujalla ɗaya ta gida. Ki fara da mujallar Mu Ƙara Sani ta IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, ki gwada Éthiopiques ta Dakar, ki kuma ɗaure ki koyi Turanci, domin muhawarar fanninki a mujallu irin Developing World Bioethics ake yin ta. Tangwa na Kamaru malamin falsafa ne kamar ke, ta wannan ƙofa ya shiga har duniya ta san shi. Kuma kina da abin da mai sharhin Hegel ba shi da shi, makarantun koyon aikin lafiya suna buƙatar mai koyar da ɗa'ar aiki, kwamitoci suna buƙatar wanda ba likita ba, masu bincike a Magarya suna buƙatar mai duba takardun yardarsu. Ki nemi tallafin ANAB, hukumar tallafin karatu ta ƙasa, ki riƙa leƙa sanarwar CODESRIA, ƙungiyar binciken zamantakewa ta Afirka, da shirin horon ɗa'ar bincike na Ibadan.

Abin da nake so ki yi a wannan sati, ki rubuta shafi biyu kacal. Tambayar a jumla ɗaya, matsayin da kike karewa, marubuta biyar da za ki yi jayayya da su, Kant a cikinsu tunda shi malamin yake so kuma yana da amfani sosai a batun mutunci, sai wurare uku na bincike. Ki kai masa wannan. In ya karanta ya sake cewa sosiyoloji ce, ki yi masa godiya ki nemi wani, kada ki yi rajista da shi don kunya. Ki turo mana shafukan kafin ki kai, akwai mu uku ko huɗu da za mu duba miki, kuma ki faɗa mana ko kin riga kin biya kuɗin rajista, domin in kin biya, sauya jagora sai da wasiƙa zuwa ga shugaban makarantar dakta, kuma yadda za a rubuta ta ba tare da an ƙulla gaba ba wani aiki ne da za mu taya ki.